Gadon Lilon da Bayir Ya Ƙi Fasawa

Ku gyara zama, yau labari zai kai mu ƙasar da ba ta san zufa ba. Can arewa da duk wata arewa da kuka taɓa ji, inda kogi ke daskarewa har doki ya taka bayansa ya wuce, akwai wasu makiyayan dawaki masu zama cikin bukkokin gashin tumaki. A zamanin da nake magana, komai a wurinsu da mai shi. Sama ta Tangiri ce, jarirai na wata uwa ne da suke kira Umai, wutar murhu ma tana da uwarta, ƙarƙashin ƙasa kuwa, inda matattu ke tafiya, mulkin wani tsoho ne wai shi Erlik. Ban ce ku yarda ba. Su dai sun yarda, a kan haka suke haihuwa, a kan haka suke binne nasu.

A ganinsu ƙasar Erlik a juye take. Abin da ke da lafiya a nan fasasshe ne a can, wanda aka fasa a nan shi ke isa can da kyaunsa. Saboda haka in mutum ya mutu sai a karya wuƙarsa, a huda tukunyarsa, a tsinke linzamin dokinsa, a ƙunshe a rataye a itacen da ke kan kabarinsa, don ya je ya tarar da kayansa suna jiransa.

To, akwai wani masassaƙi a cikinsu, Bayir, mai hannun da ba a taɓa ganin irinsa ba a kwarin. Matan can ba sa goyo irin namu, a gadon lilo na itace suke kwantar da jariri, a riƙa kaɗawa da hannu har ya yi barci. Da matarsa Cecek ta sami cikin fari, Bayir ya kwashe wata uku yana sassaƙa gado da farin itace, ya zagaye bakinsa da barewa goma sha biyu, kowace tana bin 'yar uwarta. Aka haifi namiji aka sa masa Aidar. Watansa bakwai a gadon nan zazzaɓi ya ɗauke shi.

Dattawa suka ce, "Bayir, je ka fasa gadon, yaro yana jira."

Ya zagaya bayan bukka da gatari. Ya ɗaga, ya sauke. Ya sake ɗagawa, sai idonsa ya faɗa kan gurbin da kan yaron ya lotsa a shimfiɗa, hannu ya ƙi. Kusa da shi kuwa ga tsohon kwamin da karnukansa ke lasar abinci, shi ma na farin itace. Sai ya sassare kwamin gunduwa-gunduwa, ya naɗe da bargo ya ɗaure tamau, aka rataye a kan kabari kowa yana yaba ƙarfin zuciyarsa. Gadon kuwa ya kai shi wani kogon dutse ya ɓoye. Ni dai na kasa zaginsa, ko da yake wautar ta kai wauta.

Bayan shekara huɗu Cecek ta haifi mace, Kumush. Bayir ya ɗauko gadon, ya ɗan kankare shi da gizago, ya ce sabo ne, hannu ne kawai ya maimaita aikinsa. Kwana tara yarinya tana kwance a ciki lafiya lau. Safiyar kwana na goma ta ƙi nono. Ido a buɗe amma ba ya kallon kowa, jiki yana ta hucewa, numfashi sai an kanga kunne ake ji.

Aka ruga aka ɗauko Toloi, tsohuwar bokanyar kwarin, mai wata ganga irin bandiri da bakinta ya daɗe da tsagewa. Ta duba yarinya, ta sunsuna gado, ta ɗago kai.

"Kurwarta ba ta nan. Gadon nan kuma warin rami yake yi. Bayir, wa ya taɓa kwana a ciki?"

"Babu kowa, Kaka. Sabo ne."

Toloi ba ta ja da shi ba. Ta yanko man shanu ta jefa a murhu. Wuta ta miƙe tsaye har kusa da ramin hayaƙi, wata 'yar tsohuwa mai jan gashi ta leƙo daga cikinta tana lasar baki.

"Ya Uwar Wuta," in ji Toloi, "ke da ba kya barin gida, me kika gani?"

"Na ga karnukan gidan nan shekara huɗu suna cin abinci a ƙasa. Na ji gatari ya sari kwami, ban ji ya sari gado ba. Kada ku dube ni, ɗumi kawai nake bayarwa, ba ni da ƙafar bin kurwa." Tana faɗin haka ta lafa.

Bayir ya zube inda yake. Cecek tana durƙushe gaban gadon, ba ta ɗago ba.

Toloi ta ce, "Numfashin nan ba zai wuce faɗuwar rana ba. Ni na tsufa da tafiya, kuma ba ni na yi ƙaryar ba. Kai za ka. Muddin kana jin kiɗana hanya a buɗe take, amma ka tuna hannun 'yar tamanin ne ke bugawa."

"Wurin wa zan je, Kaka?"

"Fara da mai bayarwa. In ta kasa, ka san wanda ya rage."

Ta gasa ganga a wuta ta fara bugawa. Kafin bugu na tara jikin Bayir ya kife gefen murhu, shi kuwa sai ga shi a bayan wani farin doki mai ɗingishi da ƙafar gaba, don gangar da ta haife shi tsagaggiya ce. Suka fice ta ramin hayaƙi suka kama wani farin itace da ya tokare sama, reshe bayan reshe. A hawa na farko iska ta raba shi da hularsa. A na uku suka kutsa cikin garken gajimare, wani mahayi mai bulalar walƙiya yana kora su, ya tsula wa dokin guda a gindi don ya tare masa hanya. Doki yana haki yana ɗingishi, Bayir yana lallashinsa kamar mutum. A hawa na biyar rassa suka buɗe kan wani tafki na madara zalla, fari fat, ko motsi ba ya yi.

A bakin tafkin wata mace ke zaune, gashinta na azurfa ya sauka har cikin madarar. Rassan da ke kanta cike suke da ƙananan tsuntsaye, dubu kan dubu, babu mai kuka ko ɗaya. Kowane tsuntsu kurwar jariri ce da ba a haifa ba tukuna. Bayir ya diro ya faɗi rubda ciki.

"Ranki ya daɗe, Umai, uwar masu shan nono, mai tsaron cibiya. Bawanki ne ya zo kuka."

"Na san ka, masassaƙi. Sau biyu na hura tsuntsu daga tafin hannuna zuwa bukkarka. Na farko ya sauka ƙasa da kwanansa ya cika. Ta biyu kai ka kwantar da ita a gadon mamaci, gadon mamaci kuwa ƙofa ce. Ta ga ƙofa ta bi."

"Ki kira ta, ranki ya daɗe. Muryarki ta fara sani kafin ta uwarta."

"Tun da safe nake kira. Muryata ba ta ratsa ƙasa."

Ya ɗaga kai ya ga idonta ya ciko da ƙwalla, kuma duk tafiyar nan babu abin da ya tsorata shi kamar wannan. Ta nuna rassan da yatsa.

"Ga su nan da yawa. Koma gida ka binne, baɗi in hura maka wani."

"Kumush nake so, ranki ya daɗe."

Sai ta ɗauki ƙahon rago ta cika shi da madarar tafkin ta miƙa masa. "In ka same ta ka ɗiga mata, za ta tuna hanyar gida. Abin da nake da shi ke nan."

"Tangiri fa? Shi da ke bisa kowa?"

"Hau ka gwada."

Ya bar doki ya hau da ƙafa har reshen ƙarshe, inda itacen ya sirance yana lanƙwasa da nauyinsa. Babu fada a can, babu ƙofa, babu mai gadi. Shuɗi ne kawai, ba farko ba ƙarshe. Ya kira Tangiri da duk kirarin da ya koya a bakin kakansa. Ya faɗi laifinsa dalla-dalla, har da kwamin karnuka. Ya yi ihu sai da muryarsa ta dushe. Shuɗin nan bai ko girgiza ba. Daga can ƙasa ya jiyo gangar Toloi, ta rage sauri.

Da suka sauko ba su tsaya a bukka ba. A wucewa dai ya hango rana ta karkata, Toloi ta mayar da makaɗi hannun hagu. Doki ya nufi wani rami a gindin itacen, inda duwatsu biyu ke haɗuwa suna rabuwa kamar muƙamuƙi, ƙasusuwan waɗanda suka yi kuskuren lokaci a warwatse a gefe. Ya jira suka buɗe ya daka tsalle, suka datse masa ƙarshen wutsiya.

Suna faɗawa ciki komai ya juye. Dokin nan mai ɗingishi ya miƙe garau yana gudu kamar ba shi ba. Rigar Bayir ta koma tsumma, gizagon da ke ɗamararsa ya rabe biyu, ƙahon Umai ya tsage, madara ta biyo cinyarsa. Ya kai hannu zai tare, hannun ya ƙi. Yatsu sun saki, gwiwar hannu ta yi laƙwas, jikinsa gaba ɗaya ya mutu, don lafiyayye ne a sama. Yana ji yana gani ɗigon ƙarshe ya faɗi ƙasa ta shanye. Abu ɗaya ya samu da ƙarfi a jikinsa: haƙorin da goɗiya ta karya masa tun yana yaro, ya taɓa da harshe ya ji ya dawo cif.

Suka iso wani baƙin tafki na hawayen da masu rai ke zubar wa matattu. Gadar da ke kansa gashin wutsiyar doki ce, tilo guda, an miƙe ta daga gaɓa zuwa gaɓa. Doki ya ɗora kofato a kai. Tun da hannu ba ya riƙo, Bayir ya kife a wuyansa ya cafki geza da haƙorin nan guda, ya runtse ido. Gashi yana lilo, ruwa yana kiran sunansa da muryar mahaifiyarsa, bai buɗe baki ya amsa ba har suka haye.

A ƙetare rana rabi ce, ja-ja, ba ta ɗumama kowa. Matattu suna zaune a ƙofar bukkokinsu da wuƙaƙe masu walƙiya da tukwane sababbi, kowa ya takure da sanyinsa. Wata tsohuwa ta miƙe ta tare doki.

"Kai ne uban mai kuka? Ai kamarku ɗaya. Kai, ɗan nan, shekara huɗu! Mun sha wahalar duniya mun ce mun zo hutu, sai ga ɗanka. Me ya yi maka da ka aiko masa da kwanon kare?"

Doki ya wuce da Bayir.

Fadar Erlik ta baƙin ƙarfe ce, ba taga. Doki ya durƙusa a ƙofa, Bayir ya gangaro ya shiga da jan ciki. Tsohon yana zaune kan fatun baƙaƙen bijimai, gemunsa ya kai gwiwa, gashin bakinsa ya yi tsawo har ya rataye shi a bayan kunnuwa. A gabansa, kan ƙarfe mai sanyi, ga kwamin karnuka sabo fil. A ciki Aidar ke kwance, ɗan wata bakwai kamar ranar da ya tafi, ya rame, idonsa a buɗe. Ya damƙe wata 'yar tsuntsuwa a hannunsa na dama ya manna ta a ƙirji, fukafukanta suna rawa.

"Ranka ya daɗe, Erlik, mai masaukin da ba a tashi," in ji Bayir, bakinsa a ƙasa. "Na zo roƙon abin da aka ɗauke mini."

"Aka ɗauke? Gyara harshenka, masassaƙi. Ban taɓa hawa sama na ɗauki abin kowa ba, abin da aka turo nake karɓa. Ka turo mini ɗa na karɓa. Ka turo masa kwami na ba shi. Ya kwanta a ciki ya ji warin kare, ya fara kuka, bai rufe baki ba sai yau da safe da tsuntsuwar nan ta faɗo ya kama. Ka ji shirun nan? Mutanena sun manta da irinsa."

Bayir ya ja jiki zuwa kwamin. Yaron ya dube shi bai san shi ba. Ya yi ƙoƙarin ɗaukarsa, hannuwan suka zame a jikin yaron kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ya gwada buɗe 'yan yatsun nan da suka riƙe tsuntsuwa, yatsun jariri, ya kasa ɗaga ko ɗaya. Mutumin da ke kayar da itace shi kaɗai, sai ya kifa kai a bakin kwamin kare yana kuka.

"Ka sa ya sake ta, ranka ya daɗe."

"Ba na iya buɗe hannun mamaci. In barci ya ɗauke shi, yatsun za su buɗe da kansu, ta tashi ta koma. Shekara huɗu bai runtsa ba."

"Zan koma in fasa gadon yanzun nan."

"Ka kyauta, zai iso da barewarsa goma sha biyu. Sai wa zai kaɗa?"

Bayir ya waiga ƙofa, inda matattu suka taru suna leƙe.

"Kada ka dube su," in ji Erlik. "Mamaci ba ya renon ɗan wani, kowa da sanyinsa. 'Ya'yan da ake aiko wa gado da wuri, da ɗumin hannun uwa suke isowa, shi ke kaɗa su har su kwanta. Naka ya huce a kogo."

"To ni in zauna. Ka riƙe ni, ka sake ta."

Erlik ya yi dariyar da ba daɗi a cikinta. "Da me za ka kaɗa? Da waɗannan tsummokaran? Kuma kwananka bai cika ba. Kana tsammani ina da iko in riƙe wanda ba a turo ba? Ka je sama an ce maka ba a iya ba, ka zo ƙasa ka ji haka. Mu ma kowa an ɗaure shi a turkensa. Ni dai fasasshe nake karɓa."

Gangar Toloi ta buga, ta yi shiru mai tsawo, ta sake bugawa. Bayir yana kwance, harshensa ya kai kan haƙorin nan. Ya tsaya a wurin. Ya dubi hannunsa na dama da ke yashe a ƙasa, ya dubi tsohon. Erlik ya kau da kai.

Yadda ya hau doki, yadda suka haye gashin nan, bai sani ba. Duwatsu suka rufe a bayansu daidai da bugun ƙarshe. Ya buɗe ido gefen murhu, Toloi tana kwance makaɗi ya faɗi daga hannunta, rana saura kaɗan ta taɓa dutse.

Ya ciro Kumush daga gadon, sanyi ƙalau, ya miƙa wa Toloi. Ya ja gado waje ya ɗauki gatari. Wannan karon bai tsaya kallo ba, ya yi ta sara har barewa goma sha biyu suka watse a kan ƙanƙara. Ya leƙa ciki. Yarinya tana nan yadda take.

Sai ya durƙusa gaban kututturen da yake sassaƙa a kai, ya shimfiɗa hannunsa na dama, ya ɗaga gatari da hagu don ya buga da ƙeyar gatarin. Hagun bai saba ba, ya buga ya sami itace. Ya sake, ya kuskure.

"Kawo," in ji Cecek a bayansa.

"Uwar Aidar, ba ki san abin da..."

"Na ji kana sambatu a bakin murhu, na ji duka. Kuma tun ranar da ka shigo da gadon nan na gane shi. Akwai inda Aidar ya ciza a kunnen barewa ta uku, ba ka kankare ba. Na gani na yi shiru, don ni ma ina so in sake ganinsa a ɗakina." Ta karɓi gatari, hawaye yana bin fuskarta. "Rufe idonka, baban Kumush."

Sau uku ta buga, don kada ya isa can da saura.

Suka zauna a kan ƙanƙara, ita ta riƙe shi, shi yana nishi. Rana ta taɓa dutse, rabinta ya nutse. Babu abin da ya faru. Can sai hannun nan da ya dagargaje, wanda ba shi da sauran ƙashi mai riƙe kansa, ya motsa. Ya tafi dama, ya dawo hagu. Ya sake tafiya, a hankali, ba da umarnin mai shi ba. Suka zura masa ido yana kaiwa yana komowa, yana rage sauri, har ya tsaya. Daga cikin bukka jaririya ta yi atishawa, ta callara kuka.

Bayir bai ƙara riƙe gizago ba har ya bar duniya. Hannun ya bushe ya rataye a gefensa, bai taɓa shafa kan 'yarsa da shi ba. Akusan kwarin suka koma karkatattu, mutane suka saba. Amma yana cikin cin abinci ko yana tsakiyar magana a taron dattawa, sai hannun ya fara kaiwa da komowa, shi kuma ya yi shiru ya jira.

Wata rana bayan Kumush ta fara wayo, ta shigo da gudu tana ihu ta tarar da shi zaune hannun yana lilo. Ta tsaya tana kallo.

"Baba, me ya sa hannunka yake yin haka?"

Ya ɗora yatsan hagu a baki. "Yi a hankali, 'yata. Yayanki ne ya farka."